Ki Aika da Hannunki, Uwata

Unguwar Zariya, Maraɗi
Lahadi, da hantsi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, gaisuwa mai yawa tare da fatan motar Yamai ta sauke ki lafiya, kuma gidan gwaggonki sun riƙe ki da kyau kafin ranar jirgin Dakar. Allah Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a sama, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba. Innarki tana gaishe ki. Labarin gida kuwa na bar mata, za ta cika miki kunne da shi a waya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardarki, ta binciken da kika kwashe shekara biyu kina yi a gonakin ban-ruwa na Jiratawa, a kan tsutsar da ke cinye ganyen zogale da ruwan 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, da manoma ke fesa mata. Kin ce mini sai kin zauna a Dakar, kin huta wata biyu ko uku, sannan ki aika wa mujalla. Ban yarda da wannan jinkirin ba. Kuma ban yarda da tayin da Dokta Sallau ya yi miki ranar da aka taru yi miki sallama ba, lokacin da ya ajiye kofin shayi ya ce, “Ɗiyata, bar mini takardar nan, ni na san editoci, sati guda an gama.” Kin yi murmushi kin dube ni, ni kuma na dubi tabarma. Kin san shi a matsayin abokina tun muna lakwal, makarantar boko, kin taso kina ce masa Baba Dokta. Akwai abin da ba ki sani ba, kuma laifina ne da ban taɓa faɗa miki ba.

Amma bari in fara da wautar da na yi ni kaɗai, wadda babu hannun kowa a ciki.

Lokacin ina malamin gona, kafin a haife ki, an tura ni wajen Tibiri. A can na lura da wani irin gero da tsofaffi ke ajiyewa, mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ya ba da wani abu. Raina ya biya. Na ce ni ma zan rubuta, a ga sunana a mujalla kamar na waɗanda ke zuwa daga Yamai da mota su tsaya rabin yini su koma. Damina uku ina yawo a kan tsohon babur da kaye, littafin rubutuna, a aljihu, ina tambayar kowane manomi dami nawa ya samu. Abin da ya faɗa shi nake rubutawa. Da na gama sai na auna dami guda a sikeli, guda tak, na ce ai dami dami ne, na juya duka lissafin zuwa kilo. Na buga a keken rubutu na buro, wato ofishinmu, na kai gidan waya ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Bayan watanni amsa ta zo. Mutum biyu ne suka duba, ba a faɗi sunansu ba, haka al'adar take. Ɗayansu ya yi tambaya guda wadda har yau nake jin zafinta: damin wa aka auna? Na hau babur na koma wajen wani dattijo, Malam Ɗanjimo, wanda gonarsa ce na fi dogara da ita. Na ce, “Baba, dami arba'in ɗin da ka ce mini bara, arba'in ne cif?” Ya yi dariya har sai da ya riƙe ciki. Ya kira ni da laƙabin Faransanci da ake yi wa ma'aikata, ya ce, “Mushe, kai ma dai! Wa ka hwaɗa ma mutumin gwamnati abin da ke rumbunai? Na hidda zakka, na hidda na mata, ban sa tumun da yara sunka gasa ba. Kuma ka ga damin gidan nan? In ɗana ya ɗaure, jaki na nishi. In ni na ɗaure, tsohuwa ma ta ɗauka.” Na tsaya riƙe da kaye, na rasa inda zan sa fuskata. Bai yi mini ƙarya don mugunta ba, ni ne ɗan manomi da ya sa wando ya manta yadda ake magana a gidansu.

Don haka kafin takardarki ta bar hannunki, ki koma kan kowane adadi ki tambayi kanki: wannan na auna da kaina, ko faɗa mini aka yi? In faɗa miki aka yi, ki rubuta haka ƙarara. Na ga a shafi na tara kin ce manoma na jiƙa tiya guda ta 'ya'yan bedi. Tiyar wa? Ta kasuwar Maraɗi ko wadda matar mai gona ke awo da ita? An yi mata tozo ko an share baki? Kin auna, na sani, na gan ki da ɗan sikelinki. To ki rubuta yadda kika auna, don wanda zai karanta bai taɓa ganin tiya ba, kuma ba zai yi miki uzuri ba. Kayenki na gona kuwa, duk da taɓon da ke jikinsu, kada ki bar su a hannun kowa, su ne shaidarki.

Wauta ta biyu ita ce fushi. Wasiƙar nan ba korata ta yi ba. Cewa ta yi in gyara in sake aikowa. Amma ni idona ya tsaya a kan jan layin da aka yi wa Faransancina, na ce waɗannan mutane raini ne, ba su taɓa shan ranar Tibiri ba za su koya mini gero. Na jefa takardar cikin akwati. Na koma na sake awo yadda ya kamata, dami bayan dami, damina biyu, amma girman kai ya hana ni mayar musu. Innarki ta sha ce mini, “Malam, mutanen nan fa ba su san ka ba balle su ƙi ka.” Na ce mata ba fagenta ba ne. Ashe ta fi ni gane fagen. Ke ma za su yi miki jan layi, Uwata, kuma na san zuciyarki, irin tawa ce. Ranar da amsarsu ta zo kada ki mayar da martani. Ki bari kwana biyu su wuce, sannan ki bi maganarsu ɗaya bayan ɗaya. Wadda suka yi daidai ki gode ki gyara, wadda suka yi kuskure ki nuna musu da hujja cikin ladabi. Mai duba takardarki da bai san ki ba ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda ya san ki yake yaba ki.

A wannan halin Sallau ya same ni. Ya dawo daga karatun waje da doktora, ana ta zuwa yi masa barka. Ya zo gidanmu, muka ci tuwo kwano ɗaya kamar da, na buɗe akwati na nuna masa aikin. Ya karanta yana kaɗa kai. Ya ce, “Mamman, wanga aiki zinariya ne. Amma ka san halin mujallun nan, in ba su ga Dokta a gaban suna ba, ba su ko buɗe ambulan. Bari in sa sunana gaba, naka na biye, in aika daga burona.” Ta yaya zan ce wa abokin ƙuruciya a'a, hannunsa da miyar gidana? Na ce to. Ban riƙe kwafi ba. Ban nemi ganin abin da ya aika ba. Ban ma tambayi sunan mujallar ba, don kada ya ce ina zarginsa.

Bayan shekara guda da wani abu, sai Sallau ya kawo mini bugun mujallar, yana murna. Na duba saman shafi. Ga sunansa cikakke. A gefensa an rubuta “M. Abdou”. Ya ce, “Ga ka nan.” Na yi ta shafa takardar, na kai wa innarki ta gani, har na yanka zakara.

Kin san mu ba mu da sunan iyali irin na Turawa, sunan uba muke jingina. Ni Mamman ne ɗan Abdu. Direktan da ke sama da mu duka a lokacin kuwa Musa ne, shi ma ɗan wani Abdu, ba dangin iya ba na baba. A ƙasan shafi, inda ake sa adireshin marubuta, buron direkta aka rubuta, ba tashar gona ta Tibiri ba. Ban lura ba sai da lokacin ƙarin girma ya zo, na sa bugun a cikin dosiyena, fayil ɗin takardun aikina. Aka kira ni aka ce wannan takarda ai tana cikin dosiyen direkta tun bara. Aka dube ni irin duban da ake yi wa wanda aka kama da takalmin wani a ƙofar masallaci. Na ce aikina ne. Aka ce ina shaida? A takardar haihuwata an rubuta ni Mahamane, a difuloma Mamane, a katin aiki Maman. Mutumin da kansa bai tsaya a kan suna guda ba, da me zai yi jayayya a kan harafi ɗaya?

Na je wajen Sallau. Ya dafe kai ya ce, “Subhanallahi! Kuskuren mujalla ne, su ne ke gajarta suna. Zan rubuta musu.” Ban san ko ya rubuta ba. Abin da na sani, ba a cika wata shida ba direkta ya ba shi kujerar da mutum uku ke nema. Na yi shekaru ina juya abin nan. Wata rana in ce ganganci ne, wata rana in ce Mamman ji tsoron Allah, zato ne kawai. Har yau ban kama shi da hujja ba, shi ya sa ban yanke gaisuwa ba, shi ya sa ya zo sunanki da rago. Amma tun daga ranar, in yana magana bakinsa nake saurara, hannunsa nake kallo.

To ke ma dubi takardunki. Sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, bakina ba ya iya kiransa, amma rubutu ba kira ba ne, Allah Ya jiƙanta. A takardar haihuwa Rabiatou, a ta jami'a Rabi, a fasfo an ƙara wani harafi da ban san inda aka samo shi ba. Ki zaɓi na fasfo ki tsaya a kansa har ƙarshen rayuwarki. Ki rubuta shi cikakke, ki nuna musu wanne ne naki wanne ne nawa, don in an bar su sai su juya. Adireshin da za a sa ya zama naki. Malamarki ta jami'a, wadda ta bi ki gona har ƙafarta ta nutse a taɓo, ta cancanci sunanta ya biyo naki, amma ku yi maganar a rubuce tun yanzu, wa ke gaba wa ke baya. Duk wanda bai auna ba, bai lissafa ba, bai rubuta ba, sunansa ba ya hawa, ko da shi ya yi miki huɗuba. In ana son a girmama babba, akwai wurin godiya a ƙarshen takarda, kuma a nan ne ya kamata sunan manoman Jiratawa ya fito, in sun yarda. Za a ce ba ki da kunya. Ki bari a faɗa.

Saura wauta guda, wadda ko innarki ban gaya wa ba don kada ta samu abin yi mini dariya har Sallah. Bayan na ajiye aiki, da na koyi buɗe imel, sai ga saƙo daga wata mujalla da ban taɓa ji ba. Suka kira ni babban farfesa, ni da ko doktora ban yi ba. Suka ce duniya na jiran ilimina. Wallahi na san daɗin baki ne, amma tsohon ciwo ya motsa. Na tura musu wani rahoto da ke cikin ordinatar, wato kwamfuta. Kwana uku suka ce an karɓa, babu gyaran ko waƙafi, sai dai in biya. Da na sake buɗe abin da na tura, sai na ga shafi guda ya fito sau biyu, wani jadawali kuma babu komai a cikinsa. Ko buɗewa ba su yi ba. Na rufe ordinatar na fita shan iska. Irinsu za su same ki, suna jin ƙanshin sabon ɗalibi daga nesa. Duk mujallar da ta fara neman ki, ta yabe ki kafin ta karanta ki, ta yi miki alkawarin sati guda, ki guje ta. Kin lura ko, sati guda ɗin nan shi ne abin da Baba Dokta ya ce? Ki tsaya a kan wadda kuka zaɓa da malamarki. Ki karanta ƙa'idojinsu layi-layi, yawan kalmomi, yadda ake jera littattafan da kika duba, yadda ake sa hoto, ki bi ko da kin ga son wahalarwa ne. Kada ki aika wa biyu a lokaci guda don ki ga wadda za ta riga amsawa, a wajensu wannan babban laifi ne.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa tun farkon wasiƙar nan.

Ranar Laraba, kwana guda bayan tafiyarki, Sallau ya zo bayan la'asar da ledar dabino. Ya ce ya zo yi miki sallama ta biyu, bai san kin wuce ba. Ya sani, a gabansa aka faɗi ranar. Muka zauna a zaure. Kwafin takardarki da kika buga kika bar mini in karanta yana kan tabarma, da tabarauna a kai. Na ga idonsa ya sauka a wurin. Ya ɗauka ya fara juyawa, ya ce, “Kai, ɗiyar nan ta hi mu duka. Ka san ana shirin wani babban aiki a kan zogale, kuma ni aka ba rubuta bayanin farko? Bari in yi hotokwafi nan bakin titi, in duba mata Faransancin, yanzu in maido.”

Uwata, na san duk abin da na rubuta miki a sama. A lokacin ma na sani. Bakina ya buɗe zai ce a'a, sai na ji ya ce, “To, Dokta.” Har na raka shi na tsayar masa da kabu-kabu. Da na dawo innarki na tsaye a bakin ƙofar tsakar gida, ta ji komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, ta yarinyar ma?” Ta juya ta koma madafa.

Bai dawo ba ranar. Alhamis na je buronsa, aka ce ya fita. Juma'a na koma, aka ce ya yi tafiya, ba a san ranar dawowa ba. Na kira wayarsa sau biyar tana ƙara ba a ɗauka. Yana yiwuwa tafiyar gaskiya ce. Yana yiwuwa jibi ya shigo da takardar cike da gyaran alheri, in ji kunyar zatona, in nemi gafarar Allah. Ina roƙon hakan ta kasance. Amma jadawalinki duka suna ciki, da hotunan gonaki, da yadda ake haɗa ruwan bedin, kuma mutum ne mai saurin alƙalami wanda ya san ƙofofi. In wani abu mai kama da naki ya riga naki isa, ke za a tambaya ina kika samo, kuma na san yadda wannan tambayar take a fuska.

Saboda haka ba maganar wata biyu. Kina da kwana huɗu a Yamai kafin jirgi. Ki kira malamarki yau, ki gaya mata abin da ya faru ba tare da kin rufa mini asiri ba, ki ce ubanki ne ya yi sakaci. Ku gyara maganar tiya, ku daidaita sunaye, ki zauna gaban ordinatarki ki aika da hannunki, daga adireshinki. Saƙon da mujalla za ta maido mai ɗauke da rana da lamba, ki adana shi wuri uku, ki tura wa malamarki ɗaya. In Sallau ya kira ki, ki gaishe shi da ladabi kamar kullum, ki ce an riga an aika, kada ki ƙara ko kalma.

Ban iya faɗa miki wannan a waya ba. Jiya da kika kira innarki ina zaune kusa, ta miƙo mini na yi mata alama da hannu cewa ina alwala, alhali ba na yi. Na rubuta ne don takarda ba ta ganin fuskar mutum. Zan ɗauki hoton shafukan nan in tura miki yanzu. Na yi shekara talatin ina jin haushin abin da aka yi mini, ga shi da hannuna na miƙa naki. Ki yafe mini, Uwata. Ina jin kunyarki ƙwarai.

Allah Ya kiyaye hanyarki, Ya kiyaye guminki, Ya tsare ki daga sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Ya sauke jirginku lafiya, Ya ba ki lafiyar jiki da ta zuciya, Ya ba ki bakin da ke iya cewa a'a, wanda bai ba ubanki ba. Ya dawo mana da ke muna raye. Amin.

Kada ki kira ni sai kin aika. In wayata ta yi ƙara na ga ke ce, zan san an gama, sannan zan iya ɗauka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Mamman Abdu